KWALBATI CIKIN HANTA: SAUƘIN DA YAKE KAWO WA MAI CIWON DAJI DA IYAKARSA

Duk wanda ya daɗe a zangon Hausawa na Kudu, ko Sabo ta Badun ce, ko Shagamu, ko Agege da Idi-Araba a Ikko, ko Fatakwal, da wuya a ce bai taɓa ganin irin wannan rashin lafiya ba. Magidanci ne mai ƙarfinsa, shekarunsa ba su wuce arba'in da 'yan kai ba, yana dako ko fataucin goro ko tuƙin mota, sai a ga ya fara zubewa ta sama, wuya da kafaɗu sun rame, amma ciki yana ta girma kamar na mai juna biyu. Idanu su yi rawaya, ƙafafu su kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Ana cikin jiƙe-jiƙen shawara, sai wata rana cikin dare ya tashi ya yi ta aman jini guda-guda har ya cika tasa. Kafin gari ya waye magana ta bazu a unguwa. Wasu su ce sammu ne, wasu su ce an ba shi wani abu ya ci a wurin ciniki, 'yan'uwa kuwa su shiga haɗa kuɗin mota a kai shi gida.

In aka yi dace aka kai shi asibiti, sau da yawa hoton ciki yakan nuna abu biyu: hanta ta taurare ta ƙanƙance, kuma akwai ƙari a cikinta, watau ciwon daji. A 'yan shekarun nan iyalan da ke da hali sukan ji wata kalma, ko daga bakin likita ko daga waɗanda suka je Indiya ko Masar neman magani. Kalmar ita ce TIPS. A ce musu akwai wani aiki da ake yi ta jijiyar wuya ba tare da an yanka ciki ba, yana tsai da aman jini, yana kuma janye ruwan ciki. Aikin akwai shi, kuma yana yin abin da aka faɗa ga wanda ya dace da shi. Amma kafin a sayar da gona ko a kaɗa shanu kasuwa dominsa, ya kamata a san cewa ba ya taɓa ƙarin ko kaɗan. Yadda ya sami ciwon dajin haka yake barinsa. Abin da yake yi shi ne rage wahala, wani lokaci kuma ya buɗe ƙofar wani magani. Yana kuma da nasa farashi, wanda jikin mara lafiya ne ke biya.

Inda jinin ke fitowa

Hantar babban mutum nauyinta ya kai kilo ɗaya da rabi, kuma a kowane minti jini kimanin lita ɗaya da rabi ke ratsa ta. Hanyoyi biyu ke kawo mata wannan jini. Ɗaya ƙaramar jijiya ce mai harbawa, wadda ke kawo jini daga zuciya. Ɗayar kuwa, mai ɗauke da kusan kashi uku cikin huɗu na jinin, babbar jijiya ce da ke tattaro duk jinin da ya fito daga hanji da tumbi da saifa, ta shigar da shi ta ƙofar hanta. Duk abin da mutum ya ci ko ya sha, tuwo ne ko magani ko guba, sai ya bi ta wannan jijiyar ƙofa an tace shi a hanta kafin ya wuce zuciya ya zaga jiki.

To, idan hanta ta yi tabo ta taurare, jinin ba ya samun wucewa da sauƙi. Direbobi sun san abin da ke faruwa idan tirela ta faɗi ta tare babban titi: motoci su yi jerin gwano a baya, masu gaggawa kuma su faɗa ƙananan hanyoyin ƙauye waɗanda ba a yi su don manyan motoci ba. Haka jinin yake yi. Ya taru a baya, saifa ta kumbura, sa'an nan ya nemi hanya ta ƙananan jijiyoyin da ke ƙarshen maƙoshi da bakin tumbi. Waɗannan jijiyoyi fatarsu ba kauri, sai su buɗe su yi tsiri-tsiri, ran da ɗaya ta fashe shi ne aman jinin. Wani lokaci jinin ba ya fitowa ta baki, sai ya bi ta ƙasa, a ga bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, mai wari na daban. Wannan ma zubar jini ce, kuma ba abin da za a jira gari ya waye ba ne. Matsin nan dai shi ke tatso ruwa daga hanta da hanji ya zuba cikin ciki, har ya kai lita goma ko fiye, ya danne huhu mutum ya kasa kwanciya ya kasa cin abinci.

Likitoci suna auna bambancin matsin jini tsakanin jijiyar ƙofa da jijiyar da ke fita daga hanta, da irin lissafin da ake yi wa hawan jini. Ga mai lafiya ba ya wuce 5. In ya kai 10 an shiga haɗari, daga 12 kuwa jijiyoyin maƙoshi suna iya fashewa. Wannan hawan jini na jijiyar hanta ba ruwansa da wanda ake aunawa a dantse. Mutum yana iya zuwa kemis a ɗaura masa abin awo a ce masa lafiya lau, alhali kuwa a ciki jijiya tana dab da fashewa.

Ciwon daji yana ƙara dagula lissafin ta hanya uku. Ƙarin yana danne jijiyoyin cikin hanta. Yana kuma haɗa jijiya mai harbawa da jijiyar ƙofa a wurin da bai kamata ba, jini mai ƙarfi ya riƙa antayawa cikin hanyar da dama a cushe take. Na ukun shi ya fi muni: ciwon dajin hanta yana da halin tsirowa cikin jijiyar ƙofa kanta, ya cika ta kamar yadda saiwar itace ke cika bututun ruwa. Wanda cutarsa ta kai nan, in ba a yi masa magani ba, rahotannin likitoci sun nuna yawanci watanni biyu zuwa huɗu suka rage masa. Rai dai a hannun Allah yake, amma wannan lissafi ne da ya kamata masu yanke shawara su sani.

Ba ƙari ne kaɗai ke kawo aman jini ba. Tsargiyar hanji, wadda ake ɗauka a ruwan fadama da wuraren noman rani, ita ma tana toshe jijiyoyin hanta ta haddasa irin wannan, kuma mai ita yana da kyakkyawan zato ƙwarai fiye da mai ciwon daji, domin naman hantarsa yana nan da ƙarfinsa. Sabili da haka kada a yanke ƙauna tun ba a yi hoto ba.

Yadda ake aikin

Ba likitan fiɗa ke yin TIPS ba, likitan hoto ne wanda ya ƙware wajen aiki ta cikin jijiyoyi. Ana sa wa mara lafiya maganin barci, sa'an nan a huda babbar jijiyar wuya ta gefen dama, a zura siririn bututu. Likita yana kallon allon hoto yana tura bututun, ya gangara ta ƙirji, ya ratsa ɗakin zuciya na dama, ya shiga jijiyar da ke fitar da jini daga hanta. Daga nan sai ya tura doguwar allura ta cikin bututun, ya huda naman hanta kansa, yana neman reshen jijiyar ƙofa wanda ke 'yan santimita kaɗan daga wurin. Nan ne gwaninta take, domin abin da ake nema bai fi kaurin yatsa ba, kuma ba a ganinsa da ido. In an dace, sai a zura waya, a hura 'yar balan-balan ta buɗa ramin, kana a dasa ɗan bututun ƙarfe mai kama da raga, faɗinsa milimita 8 zuwa 10, ya riƙe ramin a buɗe. An yi kwalbati ke nan. Jinin da ya taru a baya ya sami hanyar ratse, ya wuce zuciya ba tare da ya bi ta matatar hanta ba. Kafin a cire kayan aiki sai an sake auna matsin, ana so ya sauko ƙasa da 12. Aikin yakan ɗauki awa ɗaya zuwa uku, kuma abin da ake gani a jiki bai wuce ɗan tabo a wuya ba.

Dabarar karkatar da jinin hanta tsohuwa ce. A 1877 wani likitan Rasha mai suna Nikolai Eck ya haɗa jijiyar ƙofa da babbar jijiyar da ke komawa zuciya a jikin karnuka takwas. Bakwai suka mutu cikin mako guda, na takwas ya yi wata biyu da rabi, sa'an nan ya tsere. A 1945 likitocin fiɗa Allen Whipple da Arthur Blakemore suka fara yi wa mutane irin wannan haɗi a birnin New York, amma sai an buɗe ciki, kuma mai raunin hanta ba kasafai yake jure wannan ba. Josef Rösch, ɗan asalin Cekosulobakiya mai aiki a Amurka, shi ya nuna a 1969 cewa ana iya bi ta wuya, a jikin dabbobi. Ronald Colapinto ya gwada a jikin mutane a Toronto ta Kanada a 1982, da balan-balan kaɗai, amma ramin yakan rufe. Sai a 1988, a birnin Freiburg na Jamus, Goetz Richter da abokan aikinsa suka dasa bututun ƙarfe, aikin ya zauna da gindinsa. Bututun farko tsirara yake, kuma kusan rabi sukan tsuke ko su toshe cikin shekara guda. Tun farkon shekarun 2000 aka koma ga mai rufin wani irin leda ta ciki, wanda ya fi daɗewa nesa ba kusa ba.

Ga mai taurin hanta wanda ba shi da ciwon daji, amfanin aikin a bayyane yake. Idan jini ya ƙi tsayawa da duk sauran dabaru, kwalbatin yakan tsai da shi a tara cikin goma. A 2010 aka buga sakamakon wani gwaji da likitocin Basalona suka jagoranta a kan marasa lafiya 63 masu tsananin haɗari. Cikin waɗanda aka yi wa aikin kafin kwana uku da fara zubar jini, kashi 86 cikin ɗari suna da rai bayan shekara guda, waɗanda aka bi da su ta hanyar da aka saba kuwa kashi 61. Amma a lura, ba a sa masu ciwon dajin da ya yi nisa cikin wannan gwaji ba. Wanda ya ɗauki waɗannan alƙaluma ya ɗora wa mai babban ƙari a hanta, ya yi rance da sunan wani.

Farashin da jiki ke biya

A 1893 Ivan Pavlov da abokansa suka maimaita aikin Eck, karnukansu suka rayu, amma sai suka lura da wani abu. Duk kare da aka ba nama sai ya rikice, ya riƙa tangaɗi, ya yi ta barci, wani ma ya sume. Dalili kuwa shi ne, dattin da hanji ke fitarwa, musamman wani sinadari da ake kira amoniya, ya daina bi ta hanta a tace shi, yana tafiya ƙwaƙwalwa kai tsaye.

Abin da ya sami karnukan Pavlov yana samun mutane har yau. Kimanin mutum ɗaya cikin uku da aka yi wa TIPS yakan yi fama da ruɗewar hankali, musamman a watannin farko. Yakan fara da abin da ba a ɗauka komai ba: barci da rana, ido biyu da dare, mantuwa, saurin fushi, ɗan kasuwa ya kasa lissafin canji, mai salla ya rasa raka'a nawa ya yi. In ya miƙe hannuwa sai su riƙa kaɗawa kamar fiffiken tsuntsu. In abin ya yi tsanani ya daina gane iyalinsa, har ya kai ga suma. A unguwa nan da nan za a ce iska ce ta taɓa shi, a nufi wurin mai ruƙiyya, alhali kuwa maganin farko wani ruwa ne mai zaƙi da ake kira laktulos, wanda ake sha har mutum ya riƙa yin bayan gida mai laushi sau biyu ko uku a rana. Akwai kuma ƙwaya mai suna rifaksimin da ake ƙarawa. In duk sun gaza, sai a koma a tsuke kwalbatin ko a toshe shi. Taurin bayan gida, zazzaɓi, zubar jini da ƙwayoyin barci su ne manyan masu tayar da wannan ruɗewa. Da can likitoci sukan hana irin waɗannan marasa lafiya nama da duk danginsa. Yanzu an bar wannan, don an ga yunwar tana cinye tsokar jiki ta ƙara lalata al'amari. Wake, ƙwai, nono da kifi ana so su ci, kaɗan-kaɗan sau da yawa, har da ɗan abin taɓawa kafin kwanciya.

Farashi na biyu hanta ce ke biya. Jinin da aka karkatar shi ne abincinta. Hantar da ke da sauran ƙarfi takan jure, amma wadda ƙari ya cinye rabinta tana iya durƙushewa cikin 'yan makonni, ido ya ƙara yin rawaya, mutum ya rasu da wuri fiye da in an ƙyale shi. Wannan tsoro ne ya sa likitocin asibitin Mayo na Amurka suka fito da wani lissafi a shekarar 2000, wanda ake kira MELD, don a gane tun kafin aiki wa zai jure, wa ba zai jure ba. Da gwajin jini ake yinsa. Na uku kuma zuciya ce: jini mai yawa yakan kwararo mata farat ɗaya, mai ciwon zuciya ba ya iya ɗauka.

Wa ya dace da shi cikin masu ciwon daji

Shekaru da dama likitoci suna ɗari-ɗari da yi wa mai ƙari a hanta wannan aiki. Suna tsoron allura ta ratsa ƙarin ya ɓalle da jini, ko ƙwayoyin cutar su bi kwalbatin su tafi huhu, ko ƙarin ya tsiro cikin bututun ya toshe shi. Daga baya rahotanni suka taru, da yawansu daga ƙasar Sin inda ciwon dajin hanta ya yi katutu, suna nuna cewa in an zaɓi mara lafiya da kyau, kuma hanyar allura ta kauce wa ƙarin, aikin yana yiwuwa, jini yana tsayawa, ruwan ciki yana raguwa. Likitocin can har sukan haɗa bututun da 'yan ƙwayoyin ayodin 125 masu fitar da haske mai ƙona ƙari, ga wanda cutar ta shiga jijiyar ƙofarsa. Sai dai yawancin waɗannan rahotanni waiwaye ne a kan marasa lafiyar da aka riga aka tsince, ba irin gwajin da ake raba mutane gida biyu da ƙuri'a ba. Hujjar rage wahala ta fi hujjar ƙara tsawon kwana ƙarfi.

Wanda ya fi amfana shi ne mutumin da ƙarinsa ƙarami ne ko yana gefen hanta, idonsa bai yi rawaya sosai ba, hankalinsa garau, zuciyarsa lafiya, yana iya tashi ya yi hidimar kansa, amma aman jini ko ruwan ciki ya hana shi sakat. Irin wannan, jini ne zai kashe shi kafin ciwon dajin, sabili da haka tsai da jinin riba ce babba. Wani ma kwalbatin ne ke riƙe shi har a kai ga ƙone ƙarin da allura mai zafi, ko ga dashen hanta, wanda 'yan Nijeriya kan fita waje su yi. Har ila yau, haɗin magungunan zamani guda biyu da aka tabbatar da amfaninsu a 2020, atezolizumab da bevacizumab, na biyun yana ƙara haɗarin zubar jini, shi ya sa ba a fara su sai an leƙa maƙoshi an magance jijiyoyin da suka kumbura.

Akwai kuma wani lissafi da ba kowa ke faɗa wa iyali ba. Ƙarin hanta daga jijiya mai harbawa yake shan jini, kuma ɗaya daga cikin manyan magungunansa shi ne a toshe wannan jijiya da magani ta cikin bututu. To, wanda aka karkatar wa jinin jijiyar ƙofa, hantarsa ta koma dogara ga mai harbawar. In aka zo aka toshe ita ma, wani sashe na hanta yana iya mutuwa. Ana yin duka biyun ga mutum guda, amma da taka-tsantsan, kuma gara a tsara su tare tun farko.

Wanda kuwa ƙari ya mamaye tsakiyar hantarsa, ko ya bazu zuwa huhu da ƙashi, ko ido ya yi jawur da shawara, ko ya riga ya fara ruɗewa, ko ya kwanta ba ya tashi, to wannan aiki ba alheri ba ne a gare shi. Abin baƙin ciki shi ne, yawancin masu wannan cuta a ƙasashen nan a haka suke isa asibiti. Wani bincike da aka buga a 2017, wanda ya tattara bayanai daga asibitocin Afirka har da na Nijeriya da Gana da Kamaru da Sudan, ya nuna cewa a ƙasashen da ba Masar ba, matsakaicin shekarun mara lafiya 46 ne lokacin da aka gano cutar, kuma rabinsu ba su wuce wata biyu da rabi ba bayan ganowa. A Masar, inda ake ganowa da wuri kuma ake samun magani, shekarun 58 ne, kwanakin kuma kusan wata goma sha ɗaya.

Ke nan iyalin da aka yi wa tayin tafiya waje suna da haƙƙin su tsare likita da tambaya. Likita, a ina ƙarin yake, kuma ya shiga jijiyar ƙofa? Hantar tana da sauran ƙarfin da za ta jure? In an yi aikin, wane magani ne zai biyo baya, ko kuwa daga shi ba sauran komai? In ya dawo gida bututun ya toshe, wa zai duba shi? Tambayar ƙarshen nan ba ƙarama ba ce, domin kwalbatin yana bukatar a riƙa dubawa da na'urar sikanin lokaci-lokaci, kuma masu wannan ƙwarewa a Nijeriya kaɗan ne, a manyan birane suke. Ya fi kyau a aika da hotuna da sakamakon gwaji can asibitin su duba tukuna, kafin a sayi tikiti. Dillalin asibiti ba likita ba ne, la'adarsa yake nema.

Abin da ke kusa da hannu

Ko a Turai ba da TIPS ake farawa ba. Ana farawa da ƙwayoyi masu araha, furofaranolol ko kabedilol, waɗanda ke rage matsin jijiyar ƙofa. Ana zura na'urar leƙa ciki ta baki a ɗaure jijiyoyin da suka kumbura da 'yan zobban roba, a maimaita bayan 'yan makonni har su bushe. Ranar aman jini, abin da ke ceton rai shi ne gaggawar kai mutum asibiti a kwance ta gefe, ƙarin jini, allurar rage matsi da ta kashe ƙwayoyin cuta. A nan zumuncin zango yake da rana: matasa biyar da suka je suka ba da jini sun fi masu sannu hamsin.

Ruwan ciki kuwa ana rage shi da ƙwayoyin fitsari da rage gishiri. Gishirin ba na cikin kwano kaɗai ba ne, har da dunƙulen magi, kanwa, yaji, kilishi da busasshen kifi mai gishiri. In ruwan ya ƙi, ana zuƙe shi da allura, kuma in ya wuce lita biyar ana so a ƙara wa mutum ruwan albumin ta jijiya don kada ƙoda ta gaza. Ga wanda kwanakinsa suka ƙure, akan dasa ɗan bututu a gefen ciki a riƙa tsiyaye ruwan a gida kaɗan-kaɗan, ya huta da zaryar asibiti.

Sai kuma abin da ya kamata a nisanta da shi. Asfirin, ibufurofen, dikulofenak da garin maganin ciwon jiki da ake sayarwa a takarda a tashar mota, dukansu suna iya tayar da zubar jini su kuma kashe ƙoda. 'Yan dako da direbobi sun saba da su kamar goro. Farasitamol ya fi aminci, amma kada ya wuce giram biyu a yini. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba ƙarin kaya ne a kan jakin da ya riga ya gaji. In ciwo ya yi tsanani akwai mofin, kuma ba abin kunya ba ne a nema. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Badun yana da sashe na musamman don kula da waɗanda cutarsu ba ta warkewa.

Maganar kai mara lafiya gida ba laifi ba ce, kowa yana so ya cika cikin danginsa. Amma tafiyar yini da kwana a mota, ga gargada ga zafi, ba wasa ba ce ga mai jijiya a kumbure. Kafin a tashi, a nemi a leƙa maƙoshi a ɗaure abin da ke ɗauruwa, a rage ruwan ciki, a karɓi takardar bayani daga likita da duk hotuna. Asibitocin koyarwa na Shika da Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos duk suna da likitocin hanta, kuma takardar za ta hana a sake biyan kuɗin gwajin da aka riga aka yi.

Tushen yawancin wannan cuta a nan ƙwayar ciwon hanta ce nau'in B, wadda galibi ake ɗauka wajen haihuwa ko a ƙuruciya, ta yi shekara talatin ko arba'in tana cin hanta ba a sani ba. Binciken ƙasa na 2018 ya sami ƙwayar a jinin kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan Nijeriya masu shekaru 15 zuwa 64. Gubar afalatoksin, wadda ke fitowa daga fumfunar gyaɗa da masarar da ba su bushe da kyau ba, tana ninka haɗarin ga mai ɗauke da ƙwayar, kuma cibiyar binciken noma ta IITA da ke Badun ta fito da maganin gona mai suna Aflasafe don rage ta. Allurar rigakafin nau'in B ta shiga jerin alluran yara na Nijeriya a 2004, ana son ta farko cikin awa 24 da haihuwa, ko da a gida aka haihu.

Duk gidan da aka sami mai ciwon dajin hanta, matansa da 'ya'yansa da waɗanda suke uwa ɗaya da shi su je a gwada jininsu, na nan Kudu da na can gida. Wanda ba shi da ƙwayar a yi masa rigakafi. Wanda aka samu da ita, likita zai duba ko yana bukatar ƙwayar tenofobir, wadda ake sha sau ɗaya a rana, zai kuma faɗa masa ko yana cikin waɗanda ya kamata a riƙa yi wa hoton hanta kowane wata shida. Ƙarin da aka gani bai wuce santimita biyu ko uku ba ana iya ƙone shi ko a yanke shi.